Shaidar Taubashi

Jama'a, sallama gare ku. Kowa ya gyara zama, kuma don Allah kafin wata ta rubuto min "Sa'adiyya ba ki da kirki", ta bari in kai aya tukuna. Na san ba ni da shi ɗin, ba sai an tuna min ba.

Ga wadda yau ta fara leƙo mu: ni 'yar Kano ce, Gwammaja. Ina aiki a Dubai a wani kamfani da ke nemo wa manyan kamfanoni ma'aikata. Mu ne masu tace takardu, mu kira mutum intabiyu, mu yi masa murmushi, sannan mu aika masa saƙon "mun gode, sai wani jiƙon". Ina zaune a unguwar Karama tare da Faridatu, 'yar Zongon Kumasi da ke aiki a otal. Ɗakinmu ɗaya, na'urar sanyinmu tana ɗiga cikin tsohon bokitin fenti, kayan kwalliyarmu kuma sun fi kayan abincinmu yawa.

Sai kuma shi, Sharfuddeen. Bazazzagi, dogo, baƙi, malamin motsa jiki a wata makaranta can wajen International City. Ni Koci nake ce masa. Mutumin nan ya yi sintiri a ƙofar gidanmu har mai gadinmu ɗan Nepal ya koyi cewa "sannu da zuwa". Yana kawo min shawarma, yana raka ni kasuwar yadi ta Bur Dubai ya riƙe min leda, ya san launin mayafin da ba na so. Abu ɗaya ne bakinsa ya kasa furtawa, wato "zan turo". Ni kuwa, wallahi, ina sonsa, son da har haushin kaina nake ji.

Umma ba ta san wannan haƙurin ba. Kullum da safe saƙon muryarta ne karin kumallona.

"Sa'adiyya, wannan mai tsalle-tsallen naki, ɗan rakiya ne ko miji? In ɗan rakiya ne ki sallame shi, ai kin iso gida. Ƙanwarki Sabuwa ma ga shi an sa rana, ke kina can kina cin shawarma."

Ana cikin haka sai wani aiki ya faɗo ofishinmu daga Ostireliya. Wani kulob ne a Melbourne, ba zan faɗi sunansa ba don ina son bizata. Irin ƙwallon ƙasarsu suke bugawa, wadda ni dai ban taɓa gani ba sai a lokacin. Ƙwallon kamar gwanda take, filin ma zagaye ne ba mai kusurwa ba, turakun ci huɗu-huɗu a kowane gefe. Ƙarti sanye da riguna marasa hannu, suna naushin ƙwallo, suna bugunta, wani ya taka gadon bayan ɗan uwansa ya cafe ta a sama, mutane su yi ta tafi. Na ce da a Gwammaja ne da tuni an kira mai unguwa.

Ba 'yan wasa suka zo nema ba. Masu zaƙulo 'yan wasa suke son ɗauka, mutanen da za su riƙa zaga gari-gari suna gano yaron da za a iya mayarwa ɗan ƙwallo tun kafin wani kulob ya gan shi. Ɗaya daga cikin guraben na Afirka ta Yamma ne, wanda zai nemo musu dogayen samari daga ƙwallon kwando da tsere da kokawa. Wanda aka ɗauka zai fara shekara guda a Melbourne yana koyon aiki. Shugaban sashen da kansa ya zo, Mista Doyle, wani jan dattijo mai karyayyen hanci da gajeren wando, ga shi ba ya rabuwa da dariya.

Ina tace takardun masu nema sai na ci karo da hoton wani da na sani, ya sha kwat, ya ɗaure fuska kamar ba shi ne ke lashe yatsa in ya ci shawarma ba.

Na ɗauki waya. "Koci, ashe tafiya za ka yi ba sallama?"

"Ranki ya daɗe, ban faɗa miki ba ne don kada a ce ke kika yi min hanya."

"Ka ma iya ƙwallon gwandar?"

"Shekara nawa ina buga ta da Turawan nan duk Asabar? Ke ce in na ce ki zo kallo sai ki ce rana."

"Shekara guda fa a Melbourne."

"In Allah ya yi. Ki taya ni addu'a."

Ki taya ni addu'a! Ba "ki jira ni", ba "zan turo kafin in tafi". Na kife wayar a tebur, na shiga banɗaki na yi kukana na fito na gyara kwalli. Ya kamata in je in gaya wa ogata cewa na san ɗaya daga cikin masu nema, a cire hannuna daga lamarin. Na sani sarai. Na yi shiru abina.

Da na ba Faridatu labari tana zuba mana wake da shinkafa da baƙin yajinsu mai ƙona harshe, maimakon ta lallashe ni sai ta ƙara min gishiri. Hausarsu ta Zongo ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai Sa'adiyya, ka na son yaron nan paa! Amma in ya tafi, ya tafi ke nan. Can akwai 'yan mata dogaye, su na gudu da safe. Kai ko lifta ya lalace ka na kuka."

"Allah ya sa ya faɗi," na ce.

"Astagfirullah!"

"Allah ya sa ya faɗi cikin alheri," na gyara.

Bai faɗi ba. Intabiyun farko ya wuce kamar ya sha ruwa. Na biyu a fili aka yi shi, Mista Doyle ya kwashi masu neman zuwa wani wasan 'yan sha'awa, ya ce kowa ya kalla ya zaɓi yaro ɗaya. Duk suka zaɓi wanda ya fi cin ƙwallo. Koci ya nuna wani siririn yaro da ko sau ɗaya bai ci ba, ya ce shi kaɗai ne ke gudu ya koma baya ya tare wa 'yan uwansa in ƙwallo ta ƙwace, ko da ba mai kallonsa. Na ga Mista Doyle ya sosa karyayyen hancinsa yana murmushi.

Saura mataki ɗaya, kuma shi ne wanda kulob ɗin suka fi ɗauka da girma. A mota Mista Doyle ya bayyana min. Ya ce rabin aikin mai zaƙulo ɗan wasa ba a fili yake ba. Sai ka je wurin malamin yaro, da maƙwabcinsa, da tsohon kocinsa, ka ji yadda yake in an ɓata masa rai, ka ji ko yana gaida mutane. Ya ce don haka ba sa ɗaukar mai bincike sai sun bincike shi, kuma maganar mai shaida ta fi musu takardar digiri.

Na ce a raina, ai wannan binciken aure ne, mu muka ƙirƙiro shi.

Mai shaidar Koci wani ne Ɗantani, kocin 'yan tsere a Zariya, wanda Koci ya yi wa mataimaki shekaru kafin ya zo Dubai. Koci ya rubuta ƙarara cewa ɗan kawunsa ne, Mista Doyle ya ce ba komai, a ƙananan garuruwansu ma kowa ɗan uwan kowa ne. Matsalar ita ce Turancin Malam Ɗantani na tsinci-tsinci ne, ga layin waya na kamawa yana saki. Wa zai yi tafinta? Wace ce kaɗai Bahaushiya a ofis?

Ranar kiran na ci ado kamar mai zuwa biki, ban san dalili ba. Abaya ruwan toka mai duwatsu a hannu, mayafi baƙi, na yi turaren wuta har Faridatu ta yi atishawa. Muka zauna a wani ƙaramin ɗakin taro a otal ɗin da Mista Doyle ya sauka, waya a tsakiyar tebur. Ya danna wata 'yar na'urar naɗar murya, ya ce ƙa'idarsu ce, kuma in gaya wa mai shaida. Ban damu ba, wa zai ji Hausa a Melbourne?

"Salamu alaikum, Malam Ɗantani ne? Sunana Sa'adiyya, daga Dubai nake kira game da Sharfuddeen. Ana naɗar maganarmu."

Sai wata dariya ta fashe har wayar na rawa a kan tebur.

"Sa'adiyya? Sa'adiyyar dai? La'ilaha illallahu! Amaryata, yau ke ce da kanki? Wato bincike kika zo yi, har da ɗauko Bature don ki razana ni?"

"Malam, maganar aiki ce. Baturen nan yana son ya san halinsa."

"Halinsa? Ai kin zo gidan labari. Faɗa wa Baturen naki bawana ne. Gadonsa na yi."

To jama'a, nan ne Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Duk wanda ya sha nonon Hausa ya san me ke faruwa. Ɗantani ɗan namiji ne, Koci ɗan mace, taubasai ne. Ɗan namiji ya taka ɗan mace son ransa, ya kira shi bawa, ya ce matarsa tasa ce, haka aka gada, kuma iya zagin iya ƙaunar. Da wani ne daban ya zagi Koci a gabansa, da Ɗantani ne zai fara tuɓe riga. Abin da ya kamace ni in yi bai wuce in ce, "Yallaɓai, dakata, wannan wasan dangi ne." Amma sai na hango jirgin Melbourne yana tashi, na hango dogayen 'yan matan Faridatu suna gudu da safe.

Na juya cikin tsabtataccen Turancina na ce, "Ya ce bawansa ne, gadonsa ya yi."

Biron Mista Doyle ya tsaya cak. "Bawa?"

"Haka ya ce, yallaɓai."

Ya ce, "Tambaye shi yadda yake a wurin aiki."

Na tambaya. Ɗantani ya gyara murya, da ji ka san ya samu abin da yake so.

"Malalaci ne na ƙin ƙarawa! Sai rana ta take yake tashi. In kika ga yana gudu, to an sauke tukunya ne."

Na fassara, ban rage ko wasali ba, fuskata kamar ta mai karanta labarai.

"Yana da idon gane ɗan wasa?"

"Wannan? Akuya da tunkiya ma sai an nuna masa. Yaran nan da ya kwaso mana daga ƙauyuka har suka ciyo mana kofi, ai tuntuɓe ya yi da su."

Wannan ma na fassara, sai dai wurin kofin na ɗan yi sauri.

"Za a iya ba shi amana?"

"Ɓarawo ne! Ɓarawon nama! Tun muna yara ba a barinsa da tukunyar Goggo."

Na faɗi "ɓarawo" da ƙarfi, na faɗi "nama" a hankali. Jan fuskar Mista Doyle ya koma fari. Ya ajiye biro, ya rufe littafinsa, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa jin mai shaida ya yi wa mutum haka ba. Ni kuwa a ciki har ina rawa. Khalas, shi ke nan, Koci ya zauna a Dubai, Asabar mai zuwa ma akwai leda da zai riƙe.

Na buɗe baki zan yi sallama sai Ɗantani ya ci gaba, ba wanda ya tambaye shi.

"Ke dai amarya ki rabu da shi ki aure ni, ni ne ubangidan. Wannan bawan ya hana mu sakat da sunanki. Wai ba zai tura gidanku da albashin malamin tsalle ba, kada a raina masa ke. Wai sai ranar da Turawan nan suka ce sun ɗauke shi, washegari Baffansa zai ja mutane zuwa Gwammaja, a ɗaura kafin ya tafi, ki bi shi. Tsohona har ya ɗinka sabuwar babbar riga, shadda ce gezna, tana rataye tun watan jiya. Kullum sai ya tambaye ni, Turawan ba su yi magana ba?"

Innalillahi.

Kun taɓa jin mutum ya hau reshe yana sara ta gindi? Turaren da na yi ya fara hawa min kai. Ɗantani yana ta "Hello? Amarya? Ko kunya ce?" har layin ya katse don kansa.

"Me ya ce a ƙarshe?" in ji Mista Doyle. "Ya yi tsawo."

Na kalli 'yar na'urar nan, jan idonta na ƙiftawa. Na kalli littafin da ya rufe. Sai kawai na ji bakina ya ɓalle. Na ce yallaɓai, duk abin da ka ji wasa ne. Na yi masa bayanin ɗan mace da ɗan namiji da hannu da ƙafa, na ce babu bawa babu ɓarawo, a wurinmu wanda ya fi kusa da kai shi ke da lasisin zaginka, kuma wannan zagin da ya sha, shaida ce da kuɗi ba ya saya.

Ya dube ni ya ce, "Kin san haka tun farko?"

"Na sani."

"Kin san mai neman aikin?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da duwatsun hannun abayata. "Na san shi."

"To ga shaida biyu daga baki ɗaya, kuma sun saɓa," in ji shi. "A sana'armu in rahoto biyu suka saɓa, komawa muke mu kalli wasan da idonmu. Kira min shi."

Na ce yallaɓai, ko a nemo wani tafinta? Akwai Hausawa cike da Deira. Ya ce a'a, yana son ya ga yadda mutumin yake in an zage shi a gaban jama'a, wannan ma gwaji ne.

Bayan azahar Koci ya iso daga makaranta, rigar wasanni a jikinsa, usur rataye a wuya. Ya gaida Mista Doyle, ya yi min "sannu da aiki" irin ta baƙi. Aka danna na'ura.

Da muryar Ɗantani ta ce "bawana ne", Koci ya dafe kai ya fashe da dariya, ya ce, "Allah ya shirye ka, Ɗantani." Sai muryata ta biyo baya da Turanci, a daskare, ba ko alamar wasa. Dariyar ta ragu. Da aka zo "malalaci" ta ƙare. Da aka zo inda na ɗaga murya a "ɓarawo" na sauke ta a "nama", ya ɗago ya kalle ni. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Mista Doyle ya tsayar da na'urar. "Fassararta daidai ce?"

"Daidai ce, yallaɓai. Ba ta ƙara kalma ba, ba ta rage ba."

Ya bayyana masa wasan taubasai a taƙaice, ba kame-kame, ba ɓacin rai. Ya ce laifinsa ne da bai ja kunnen ɗan kawunsa da kyau ba, kuma ga lambobin iyayen yaran da suka ci kofin, a kira kowanne a tambaya.

"Saura na ƙarshen, wanda ba ta fassara ba," in ji Mista Doyle, ya sake dannawa.

Na so ƙasa ta tsage. Koci ya saurari asirinsa ana tallarsa har da nau'in shadda. Da aka gama ya gyara tsayuwa, ya fassara shi tsaf cikin Turanci, albashin malamin tsalle, Baffa, Gwammaja, babbar riga, bai tsallake komai ba. Maganar da na shekara ina jira in ji daga bakinsa, yau ga ta ta fito, amma da harshen wasu, kuma wani jan dattijo yake gaya wa, ba ni ba. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Mista Doyle ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce a kulob ɗinsu ma ɗan wasan da ba a tsokana a ɗakin sa kaya, to ba a sonsa ne. Ya ce mutumin da zai ji an kira shi ɓarawo ya tsaya ya kare tafintar da ta kusa kashe shi, zai iya zama da iyayen kowane yaro. Ya miƙa masa hannu. "Ka shirya fasfo ɗinka." Ni kuma ya nuna ni da biro, ya ce zai yi tunanin abin da zai gaya wa ogata.

A bakin lifta muka tsaya mu biyu. Na ce, "Koci, barka."

"Na gode."

"Ni fa ban san..."

"Kin san taubashi, Sa'adiyya." Bai ɗaga murya ba. "So kika yi in faɗi?"

Lifta ta buɗe, ya shiga, ni na tsaya kamar an dasa ni. Rabon da ya kira sunana gatsau ba "ranki ya daɗe" har na manta.

Ina cikin jirgin ƙasa zuwa Karama wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Umma. Na sa a kunne, sai guɗa ta kusa fasa min dodon kunne, wata 'yar Filifin da ke kusa da ni har ta zabura. Ashe Ɗantani yana ajiye waya ya ruga wurin tsohonsa, wai amarya da kanta ta kira da Bature a gefe, magana ta ƙare. Tsohon ya kira Baffa, Baffa ya aika Gwammaja.

"Ayyiriri! 'Yar nema, shi ne kika ɓoye min? An aiko wurin Abbanku, wai suna nan tafe ranar Juma'a! Na riga na gaya wa Goggonninki duka, har na aika a tayar da mai alkaki. Ashe mai tsallen nan ɗan mutunci ne!"

Ban gama saurara ba wani saƙon ya shigo a samansa. Koci. Na buɗe.

"Na kira Kawu na ce ya ninke babbar rigarsa tukuna. Gobe bayan la'asar ki same ni a mashigar kwalekwale ta Bur Dubai. Tunda kin iya fassara, ki zo ki fassara min abin da kika yi."

A ƙasansa Umma ta sake turo wani: "Wane launi za mu fitar na anko?"